Wa ya kamata ya yanka wa asambiliman kuɗinsa?

Malam Sani, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da gwamnatin Ghana ta fara biyan 'yan asambili, wato mambobin majalisar gunduma, sidi 1,300 a wata a 2025, magana ta rabu biyu a zango. Wasu na cewa an daɗe ana zaluntarsu, wasu na cewa kuɗin kwata da bola ne aka karkatar. Ni abin da ya fi damuna ba yawan kuɗin ba ne. Wa ya yanka shi, da wane ma'auni, kuma daga wane aljihu yake fita? Masu ilimin abin su taimaka.

Lauya Habibu:
Wa alaikumus salam Malam. Sai mun fara raba mutanen, domin ba hanya ɗaya ake biyansu ba. Sashe na 242 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce asambili ta ƙunshi mutum ɗaya da aka zaɓa daga kowace mazaɓa, da ɗan majalisar dokoki na yankin wanda ba shi da ƙuri'a a zauren, da MCE, wato shugaban gunduma, sai waɗanda shugaban ƙasa ya naɗa, waɗanda ba za su wuce kashi 30 cikin 100 na dukan mambobi ba. Sashe na 250 shi ne na kuɗi. Ya ce albashin MCE majalisar dokoki ce ke yankewa, kuma daga babban asusun gwamnati ake biya. Amma na shugaban zaman asambili da sauran mambobi, asambilin da kanta ce ke yankewa, ta kuma biya daga abin da ta mallaka. To ka ga matsalar a nan: mutanen da za su karɓi kuɗin su ne ke ɗaga hannu su amince da adadin.

Kuma a lura, MCE ba zaɓaɓɓe ba ne a Ghana. Shugaban ƙasa ke kawo sunansa, kashi biyu cikin uku na mambobin da suka halarta suka jefa ƙuri'a su amince. An shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 17 ga Disamba 2019 kan shigar jam'iyyu zaɓen gundumomi, shugaba Akufo-Addo ya janye ta a farkon watan, maganar zaɓen MCE ma ta tsaya tare da ita.

Malam Sani, Aboabo:
To Lauya, idan doka ta ce asambili ta biya daga nata, 1,300 ɗin nan daga ina?

Lauya Habibu:
Daga kasafin gwamnatin tsakiya. Ministan kuɗi Ato Forson ya ware sidi miliyan 100 a kasafin 2025 don wannan. Ƙari ne a kan kuɗin zama da asambili ke biya, bai maye gurbinsa ba. Damuwata da shi ita ce a kasafi yake zaune, kuma kasafi shekara ɗaya yake yi. Gwamnatin da ta kawo shi za ta iya ƙarawa gab da zaɓe, wata ta zo ta riƙe shi wata shida ba wanda zai kai ta kotu ya yi nasara cikin sauƙi.

Hajiya Rabi, Sawaba:
Ni dai ina goyon bayan a biya su, kuma ina ganin 1,300 bai yi yawa ba. Ku dubi aikin da doka ta ɗora musu. Dokar mulkin gundumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ce asambiliman ya zauna da mutanen mazaɓarsa kafin kowane zaman asambili, ya kai kukansu, ya dawo ya faɗa musu abin da aka yanke. Wannan na takarda ne. Na zahiri kuwa, kwata ta toshe shi ake kira, fitilar titi ta mutu shi ne, 'yan sanda sun kama yaro cikin dare shi ne, suna da aure da addu'ar mamaci duk ana sa ran ganinsa da ambulan. Tun da aka kafa asambiloli a 1988 ana kiran aikin na sa-kai. Sakamakon haka, mai kuɗi ne kawai ko wanda wani babba ke ɗaukar nauyinsa zai iya tsayawa. Mata zaɓaɓɓu a asambilolin ƙasar nan ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Mace mai sayar da waake a Asawase ba za ta rufe tukunya kwana biyu ta je zama don kuɗin da bai kai cinikinta ba.

Abdul Razak Akanta:
Hajiya, gaskiyarki kan wahalar, amma mu yi lissafi. Mafi ƙarancin ladan ma'aikaci a 2025 sidi 19.97 ne a rana. Idan ka ninka da kwana 27 da ake lissafa wata da su, ka samu kusan 539. Wato 1,300 ya ninka shi fiye da sau biyu, a aikin da ba ya hana mutum koyarwa ko buɗe shagonsa. Mambobi kuma sun haura dubu tara a asambiloli 261, har da naɗaɗɗu. Dubu tara sau 1,300 sau wata 12 ya wuce miliyan 140. Miliyan 100 ɗin da aka ware ba ta ɗaukar shekara cikakkiya.

Amma inda kuɗi ke zurarewa ba nan ba ne, a kuɗin zama ne. Bari in kawo misali na ƙaddarawa, ba na wata asambili ba. A ce mambobi 30, zaɓaɓɓu 21, naɗaɗɗu 9. A ce kowane zama ana ba mutum 200 na zama, 100 na mota, 60 na abinci da ruwa, jimilla 360. Doka ta ce a yi babban zama aƙalla sau uku a shekara. A ce kowanne kwana biyu, kwana shida ke nan. Ba mambobi kaɗai ke zama ba, shugabannin sassa da masu ɗaukar bayani suna nan, a ce mutum 20. Mutum 50 sau 360 sau 6 ya ba ka 108,000. Ƙananan kwamitoci biyar na dole, wato na kuɗi da gudanarwa, na ayyuka, na tsara ci gaba, na walwalar jama'a, da na shari'a da tsaro, kowanne ya zauna sau huɗu da mutum 12, ya kama 86,400. Kwamitin zartarwa sau huɗu da mutum 15, 21,600. Duka 216,000, ba a sa zaman gaggawa ba, ba a sa alawus ɗin shugaban zama ba.

Asambilin da ke tara miliyan 20 a shekara, wannan kashi ɗaya ne cikin 100 da ɗan ɗoriya. Wadda ke tara miliyan 2, kusan kashi 11. Wadda ke tara 500,000, kashi 43. Aiki iri ɗaya, doka ɗaya, amma a wani wurin zama kaɗai ya cinye kusan rabin abin da aka karɓa a kasuwa.

Baba Issaka, Tafo Zango:
Yaro ka faɗi abin da ya kamata a ji. Wannan rarrabuwa mu a Kumasi muka ƙara ta da hannunmu. An cire Asokore Mampong daga KMA, wato asambilin birnin Kumasi, a 2012, aka cire Oforikrom da Kwadaso da Tafo da Asokwa da Suame a 2018. Adum da Kejetiya suka zauna a KMA, wurin da kuɗin lasisin kasuwanci da tikitin tasha suke. Kowace sabuwar asambili kuma tana da nata shugaban zama, nata kwamitoci biyar, nata naɗaɗɗu. Kujerun da ake biya suka ƙaru, kasuwa ba ta ƙaru ba. Haka aka yi a Accra, Nima ta koma Ayawaso ta Gabas, Mamobi ta koma Ayawaso ta Arewa. Ban ce rabon ba shi da amfani ba, ofis ya matso kusa da mutane. Amma duk wanda zai yi maganar alawus ya fara tambayar nawa asambilinsa ke tarawa.

Ummi Zulai:
Baba, ba za a iya biya daga Asusun Bai-ɗaya na gundumomi ba? Ai shi ne babban kuɗin.

Abdul Razak Akanta:
Yaya Zulai, wannan asusun sashe na 252 ya kafa shi, aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, ana raba shi duk wata uku, kuma don ayyukan ci gaba aka yi shi. Kowace shekara akwai ƙa'idar abin da za a kashe shi a kai. Kuɗin zama daga kuɗin shiga na cikin gida yake fita: harajin gidaje, lasisin shaguna, tikitin kasuwa da tasha, izinin gini, tara. Kuma ƙa'idar kasafi na son a ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na wannan kuɗin don aiki na gani da ido. Idan asambili ta ari kuɗin Asusun Bai-ɗaya ta biya zama da niyyar mayarwa, shi ne irin abin da Babban Mai Binciken Kuɗi ke rubutawa a rahotonsa. Sashe na 187 ya ba shi ikon soke kashe kuɗin ya ɗora wa wanda ya sa hannu ya biya daga aljihunsa.

Malam Sani, Aboabo:
A aikace yaya ake yanke adadin? Wane mataki ne mutumin gari zai iya sa baki?

Hajiya Rabi, Sawaba:
Kwamitin kasafi na ma'aikata ke fara tsarawa. Daga nan ya je ƙaramin kwamitin kuɗi da gudanarwa, ya wuce kwamitin zartarwa da MCE ke shugabanta, sai babban zama ya amince, galibi wajen Oktoba, tare da ƙudurin da ke yanka kuɗin tikiti da lasisi na shekara mai zuwa. Kafin wannan ƙudurin ana kiran 'yan kasuwa, direbobi, masu shaguna da teloli a tattauna farashi. Nan ne ƙofar. Sai dai ana nuna musu abin da za su biya, ba a nuna musu abin da mambobi za su karɓa. Alawus yana shiga kasafi a dunƙule, layi ɗaya. Shugabar masu tumatir ba za ta gane cewa ƙarin sidi ɗaya da aka yi mata a tikiti ya tafi kuɗin zama ba.

Abin da ke lalacewa a biya kuwa sananne ne. Takardar sa hannu ce hujjar biya. Mutum ya zo ƙarfe goma ya sa hannu ya fita, an biya shi cikakke. Wani a sa masa hannu. Zaman da zai ƙare rana ɗaya a ja shi zuwa biyu. Kwamiti ya zauna ba tare da rubutaccen bayanin abin da aka yanke ba. Maganinsa ba wuya: sa hannu biyu, na shiga da na tashi, mai binciken cikin gida ya haɗa takardar da bayanin zaman kafin a fitar da kuɗi, a biya ta banki ko ta waya, a daina ambulan.

Lauya Habibu:
In ƙara a kan maganar Hajiya, duk wanda ke son ganin adadin yana da dama. Dokar samun bayanai ta 2019, mai lamba 989, ta ba ka ikon rubuta wa jami'in bayanai na asambili, kuma kwana 14 yake da su ya ba ka amsa. Ka nemi abu uku a fili: kuɗin zama na mutum ɗaya, yawan zaman da aka yi a shekarar, da jimillar da aka biya. Idan ka rubuta "ina son bayanin kuɗin asambili" za a miƙo maka kasafi mai shafi da yawa ka rasa inda za ka duba.

Baba Issaka, Tafo Zango:
Ni inda nake da ja shi ne naɗaɗɗu. Me ya sa wanda bai nemi ƙuri'ar kowa ba, ba shi da mazaɓa, ba wanda ke buga masa ƙofa da asuba, zai karɓi daidai da zaɓaɓɓe? An ce a naɗa su ne bayan shawara da sarakuna da ƙungiyoyi, don a kawo injiniya, akanta, malamin lafiya, mata, masu naƙasa. Kowa ya san sau da yawa 'yan jam'iyya ake cikawa don ƙuri'ar tabbatar da MCE ta wuce. A ba su kuɗin zama, na yarda. Na wata-wata kuwa na zirga-zirgar mazaɓa ne, a bar wa mai mazaɓa.

Ummi Zulai:
Baba, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Ta wannan ƙofar ce mafi yawan matan da ke zauren suka shiga, da wakilan sarakunan zango a wuraren da 'yan zango ba su da yawan da za su ci mazaɓa. Ƙuri'arsu a zaure ɗaya ce da ta zaɓaɓɓe. Idan ka rage musu kuɗi ka mayar da su mambobi masu daraja ta biyu, kuma ƙwararren da ake nema ba zai zo ba. A gyara yadda ake naɗin, a buga sunan kowa da dalilin naɗa shi da wanda aka yi shawara da shi.

Abdul Razak Akanta:
Ana iya haɗa maganganunku biyu. A raba kuɗin gida uku. Na ɗaya ladan zama memba, daidai ga kowa. Na biyu kuɗin hidimar mazaɓa, na zaɓaɓɓe kaɗai, kuma ba ya fita sai ya kawo shaidar taron da ya yi da mutanensa a wata ukun. Na uku kuɗin mota gwargwadon nisa, domin wanda ke tahowa daga ƙauye mai nisan kilomita 40 a wata gunduma ba ɗaya yake da wanda ke taka ƙafa daga Akrem ba.

Malam Sani, Aboabo:
Ba mu taɓa 'yan hukumomin gudanarwa ba, waɗanda ake naɗawa a kamfanonin gwamnati da asusu irin na ci gaban zango.

Lauya Habibu:
Nasu daban ne. Yawanci dokar da ta kafa hukumar ce ke cewa minista mai kula da ita, tare da ministan kuɗi, su amince da alawus ɗin mambobi. Asusun Ci Gaban Zango dokar 2017 mai lamba 964 ta kafa shi, kuma shugaban ƙasa ke naɗa hukumarsa. Kamfanonin gwamnati kuma SIGA, hukumar kula da jarin gwamnati, ke sa musu ido tun 2019. A ƙa'ida ke nan ba su ke yanka wa kansu ba, wanda ya fi tsarin asambili. Inda ake zagayewa shi ne yawan zama. An ƙayyade maka kuɗin zama ɗaya, ba a ƙayyade sau nawa za ka zauna ba, sai a ƙirƙiri ƙananan kwamitoci, a kai taro otal a wajen gari, a haɗa da kuɗin kwana da tafiyar horo. Adadin da ke takarda bai canza ba, abin da ya fita ya ninka.

Abdul Razak Akanta:
Shi ya sa nake fifita a ba ɗan hukuma tsayayyen kuɗi na wata uku-uku, a sa iyakar zaman da za a biya a shekara, a ce shida, abin da ya wuce haka sai da izini a rubuce. Wanda ya rasa zama biyu a jere ba uzuri a yanke masa. Kuma a cire harajin kashi 20 cikin 100 da doka ta ɗora a kan kuɗin 'yan hukuma tun daga tushe. Ma'aikacin gwamnati da ke zama a hukuma saboda muƙaminsa, a lokacin aikin da ake biyansa albashi, ni ban ga dalilin ba shi cikakken kuɗin zama ba.

Hajiya Rabi, Sawaba:
Kuɗin sallama fa? Wannan shi ya fi ɓata ran 'yan asambili. Bayan shekara huɗu asambili ce ke biya daga nata, wata ta biya da kauri, wata ta biya abin da bai taka kara ya karya ba, wata a shekara ana bin bashi. Su kuma suna kallon na manya. Masu muƙaman sashe na 71, wato irin shugaban ƙasa da ministoci da 'yan majalisar dokoki, kwamitin mutum biyar ko ƙasa da haka da shugaban ƙasa ya naɗa ke ba da shawarar nasu, irin na Chinery-Hesse da na Farfesa Ntiamoa-Baidu. Kun tuna basarake Togbe Afede ya mayar da kuɗin sallama sama da sidi 365,000 a 2022 na zamansa a Majalisar Ƙasa mai ba shugaban ƙasa shawara, ya ce bai dace ba.

Lauya Habibu:
Shi ma tsarin sashe na 71 yana da irin cutar. Shugaban ƙasa ke amincewa da na 'yan majalisa, 'yan majalisa ke amincewa da na shugaban ƙasa da ministoci. Har aka kai ga sa wa matan shugaba da mataimakinsa albashi a 2021, Kotun Ƙoli ta soke a 2024. Tun hukumar duba kundin tsarin mulki ta Farfesa Fiadjoe ta 2010 ake ba da shawarar a kafa hukuma guda mai zaman kanta ta yanka wa kowa. Bambancin shi ne gyara sashe na 71 sai da ƙuri'ar raba gardama, kashi 40 cikin 100 su fito, kashi 75 na waɗanda suka fito su amince. Sashe na 250 ba ya cikin waɗannan, majalisar dokoki za ta iya gyara shi da kashi biyu cikin uku. Na asambili ya fi sauƙin gyarawa nesa ba kusa ba.

Baba Issaka, Tafo Zango:
Ba a ba kura ajiyar nama, wannan na yarda. Amma ina tsoron a kai komai Accra. Wanda ke biyanka shi kake jin tsoro. Aikin asambiliman ya tsare MCE da tambaya, kuma doka ta ba su ikon tsige shi da kashi biyu cikin uku na dukan mambobi. Idan gwamnatin da ta naɗa MCE ita ce ke riƙe da alawus ɗinsu, wa zai ɗaga hannu?

Abdul Razak Akanta:
Baba, shi ya sa hanyar biyan ta fi adadin muhimmanci. Hukumar daidaita albashi da aka kafa a 2007, wadda ta tsara albashin bai-ɗaya na ma'aikata daga 2010, ko wadda za ta gaje ta, ta fitar da ƙasa da sama: kada a biya ƙasa da kaza, kada jimillar alawus ta wuce kaso kaza na kuɗin shigar asambili na bara. Na wata-wata a rubuta shi a doka, a ɗaure shi da mafi ƙarancin lada don ya riƙa motsi da kansa. Mun ga hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba 2022, adadin da aka daskarar zai narke cikin shekara biyu. Kuɗin sallama kuma a riƙa ajiye shi kowane wata a asusu na daban tun daga watan farko, kada a jira wata na 48.

Lauya Habibu:
Da sharaɗi ɗaya da asambili za ta iya ɗauka gobe ba sai an taɓa kundin tsarin mulki ba: duk ƙarin da aka amince da shi ba zai fara aiki ba sai bayan zaɓe na gaba. Amurka ta sa irin wannan a kundinta a 1992 don 'yan majalisarta. An yi zaɓen gundumomi a Disamba 2023, saboda haka ƙarin da wannan zauren ya yanka sai zauren da zai biyo shi ya ci. Ƙuduri ne kawai a babban zama.

Ummi Zulai:
Duk mun manta da 'yan kwamitin unguwa. Mutum biyar ake zaɓa a kowace mazaɓa, rana ɗaya da asambiliman, kuma ba sa cikin 1,300 ɗin nan. Su ke bi gida-gida ranar shara. Ƙa'idar 2010 ta ce ƙananan majalisun yanki su riƙe rabin kuɗin da aka ba su izinin tarawa, amma sai an ba su abin tarawar, kuma sai asambili ta mayar musu da rabin. Lauya, idan za a rubuta wasiƙar neman bayanin nan, a sa tambaya ta huɗu: nawa aka mayar wa majalisun yanki bara.

Lauya Habibu:
An sa, Yaya. Malam Sani, ka tattaro sunayen waɗanda za su sa hannu daga Aboabo da Sawaba, Baba ya kawo na Tafo, domin asambili biyu ne, wasiƙa biyu za a rubuta.